Daga filin ƙwallo zuwa bakin kwata: nazarin ƙungiyar samarin wata unguwa a birnin Kano

Kusan babu unguwar da za ka shiga a cikin birnin Kano ka rasa allon wata ƙungiyar samari, ko a jikin katanga ko a bakin lungu. Da yawa daga allunan nan fentinsu ya koɗe, masu su sun watse tun tuni, wasu ma ba a rufa shekara biyu da kafa su ba aka daina zama. Ta unguwarmu tana cikin kaɗan ɗin da suka ga jiya suka ga yau. Waɗanda suka kafa ta sun yi furfura, ƙannensu da 'ya'yansu ne yanzu ke riƙe da littafin kuɗi. Na bi tarihinta don in gano abin da ya riƙe ta har ta kawo yau, kuma duk ta inda na ɓullo wa maganar sai ta kai ni wuri guda: babbar kwatar da ta ratsa unguwar.

Unguwar da ruwanta

Unguwarmu tana cikin ganuwa, a gangare. Ruwan da ya sauka a wajejen Dala da Goron Dutse da unguwannin da ke sama da mu hanyarsa ɗaya ce, ya bi lunguna ya nemi Jakara, wadda ta bi ta gefen kasuwar Kurmi ta fice daga birni har ta dangana da madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A da, kafin ya isa can, kududdufai ne ke tare shi. Ramuka ne da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini a cikinsu, kusan kowace unguwa da nata, su ne ke shanye ruwan damina su riƙe shi har rani. Da birni ya cika ya batse sai aka riƙa cike su da shara, aka yanka filaye, aka ɗora gini. Ruwan sama yana nan yadda yake, masaukinsa ne aka ƙwace. Ga kuma leda, musamman ta ruwan sha, wadda ba ta ruɓewa. Ita ce ke haɗuwa da yashi da tsumma ta toshe bakin kwalbati tam.

Yawancin tsofaffin gidajenmu na ƙasa ne, tubali da azara, ko da an shafe su da siminti ta waje. Irin wannan gini yana jure ruwan da ya zuba ya wuce. Wanda ya kwanta a gindin katanga shi ne ajalinsa: kwana biyu yana jiƙa ta, sai ta fara tsagewa, wata rana cikin dare ta zauna. Shi ya sa in watan Agusta ya kama, mutanen gangare ba sa barci da ido biyu rufe muddin hadari ya haɗu a gabas.

Yadda aka faro

Haɗuwar samari su yi ƙungiya tsohon abu ne a Kano. Akwai aikin gayya tun kaka da kakanni, akwai sarkin samari. A shekarun 1940 an yi Taron Masu Zumunta, kuma matasa ne suka kafa jam'iyyar siyasa ta NEPU a garin nan ranar 8 ga Agusta 1950. Daga cikin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa ne sana'ar fim ɗin Hausa ta tsiro a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars. Tamu ba ta taso da irin wannan babban buri ba. Kulob ɗin ƙwallo ne na yaran unguwa a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da matsin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986, ya fara cizo, masana'antun Bompai da Sharada suna rage ma'aikata, samari da yawa sun gama sakandare suna zaune a dakali. Karo-karon da suke yi na sayen ƙwallo ne da jesi da kuɗin motar zuwa wasa.

Iyayen ƙungiyar suna danganta juyawarta da daminar 1988, shekarar da aka tafka ruwan da ya fasa madatsar Bagauda, gidaje suka yi ta zubewa a Kano. A lungun gangare katangu sun faɗi, kuma waɗanda suka fito da kwanuka da bokitai suna kwalfe ruwa daga ɗakunan tsofaffi 'yan ƙwallon nan ne, don su ne kaɗai taron samari da ke da shugaba, da ma'aji, da wurin haɗuwa. Da ruwa ya ɗauke, mai unguwa ya kira su zaure ya sa musu albarka, ya kuma ce kada su bari a sake shiga damina kwata tana cike. Kuɗin jesi na shekarar da shi aka sayi shebur da diga da manjagara. Ƙwallo ba a daina ba, har yau ana bugawa, amma daga ranar aka san su da wani aikin daban.

Ranar yashe kwata

Duk wanda yake son ya san ƙungiyar nan, ya zo ranar yashe kwata. Ana yin babban yashen ne kafin ruwa ya zauna, wajejen ƙarshen Mayu, kuma ana saka shi a Asabar ɗin ƙarshen wata da gangan. Ita ce ranar tsaftar muhalli a Kano, al'adar da ta samo asali tun zamanin Buhari da Idiagbon. Da safe an hana zirga-zirga, shaguna a rufe, babu adaidaita sahu da zai kutso lungu, kuma masu zuwa kasuwa ba su da uzuri.

Tun daren Juma'a liman yake sanarwa bayan Isha'i. Da an idar da Asuba sai a buɗe shagon ajiya a raba kayan aiki, sakatare yana rubuta sunan duk wanda ya karɓi shebur, saboda an sha asarar shebur a baya. Daga ƙasa ake farawa a yo sama. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne: in ka fara daga sama, ruwan da ka saki zai tarar da gaba a toshe, ya malala cikin gidajen mutanen da ka zo taimako. Ƙarfafa huɗu ko biyar ne ke cusa ƙarfe su ɗaga murfin siminti. Abin da ke ƙasa baƙin laka ne mai kauri, warinsa yana hawa kai, a cikinsa akwai fasassun kwalabe da tsatsattsun ƙusoshi da allurai. Mai takalmin ruwa shi ke shiga, kuma takalman ba su taɓa isar kowa ba, sai dai a yi ta karɓa-karɓa. Ɗaya yana sara da diga, ɗaya yana kwasa, na sama yana ja da manjagara, yara suna tura baro zuwa bakin titi. Can wajen hantsi sai ka ga bokitin koko da ƙullin ƙosai sun fito daga gidan da ba a roƙa ba, yarinya ta ajiye ta ce, "Inna ta ce sannunku da aiki." Dattawa kuma suna tsaye a gefe da carbi, wani ya nuna da sanda ya ce, "Kai yaro, nan akwai tsohuwar hanyar ruwa, tona." Sau da yawa kuwa in an tona a same ta.

Amma yashewa rabin aiki ne, kuma a nan ƙungiyoyi da yawa suke faɗuwa. Lakar da aka tsibe a bakin kwata, in ta kwana uku ba a kwashe ba, awaki za su baje ta, ƙafa ta tattake ta, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Wahala ta tashi a banza ke nan. Dole a samu tifa, ko ta hukuma ko ta haya, ta zo cikin kwanakin. Saboda haka mafi yawan kuɗin da ƙungiyar ke tarawa a shekara a kan kwashewa yake tafiya, kuma mutumin da ya fi kowa amfani a ranar, a ganina, shi ne wanda ya yi sati biyu yana sintiri tsakanin ofis da wajen masu tifa, ko da bai taɓa shebur ba. Ba a cika yaba masa ba, don ba a ganin laka a jikinsa.

Kuɗin yana fitowa ne daga kuɗin mako na 'yan ƙungiya, da tarar makara ko fashin taro, da abin da ake bi gida-gida ana karɓa in yashe ya matso. Ba a yanka wa gida adadi. Wanda ya bayar a rubuta, wanda bai samu ba a yi masa addu'a a wuce.

Shekarun da ta kusa mutuwa

Dawowar siyasa a 1999 ta zo wa ƙungiyoyin samari da wata jarrabawa da ba su shirya mata ba. Ɗan takara yana neman inda zai samu matasa a dunƙule, ga su kuwa da shugaba da rajista. Aka fara da jesi mai hoto, aka koma baro da shebur masu tambari, daga nan sai kuɗi a cikin ambulan da ake miƙa wa shugaba a mota. Ba na cewa shugabannin lokacin ɓarayi ne. Wasunsu sun kashe kuɗin a kan aikin unguwa har sun cika da nasu. Illar ita ce kuɗin ya shigo ta ƙofar da babu mai gani, kuma abin da ba a gani ba kowa yana iya faɗin adadin da ya ga dama. Aka fara ƙus-ƙus a majalisa. Masu bi gida-gida suka riƙa jin magana ɗaya a ƙofa bayan ƙofa: ai an kawo muku, mu me za mu ba ku? 'Yan ƙungiya da kansu suka ja baya da kuɗin mako. Sannan ga shi ba jam'iyya ɗaya kowa yake yi ba, sai taro ya koma fagen musu, aboki ya daina gaida aboki.

Akwai wata matsalar a ƙarƙashin wannan, wadda ba a so a faɗa. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun yi aure, sun tara iyali, wasu sun tashi sun koma sababbin unguwanni a bayan gari, amma suna riƙe da muƙamai. Su ba su da lokacin shiga kwata, yaran da ke da ƙarfin shiga kuma ba su da ta cewa. Saurayi ba zai iya kallon wanda yake kira Yaya ya ce masa kawo lissafi ba. Sai ya zaɓi abin da ya fi sauƙi, ya daina zuwa.

Haka aka shiga wata damina ba a yashe ba. Ruwa ya kwanta a gangare, katangar wata gwauruwa mai marayu ta zube ta haɗa da ɗaki guda. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Da gari ya waye babu wanda ya tsaya neman bayani, kowa ya san abin da aka saba yi wanda bana ba a yi ba, ya kuma san su wa suka saba yi. Wannan ne ya sa nake cewa kwata ce ta riƙe ƙungiyar. Da aikinta shirya taron lacca ne ko rabon kyauta, da ta mutu shiru ba wanda ya lura. Aikin kwata yana dawowa duk shekara ko an so ko an ƙi, kuma in an bar shi, sakamakon yana fitowa a ƙofar gidan maƙwabci.

A zauren mai unguwa aka yi zaman, da liman da iyayen ƙungiya. An daɗe, an faɗa wa juna gaskiya. Wani daga cikin yaran ne ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba raini muke yi ba, so muke mu san abin da ya shigo da abin da ya fita." Abin da aka tsayar a ranar shi ake bi har yau. Duk gudummawar da ta zo daga waje, ko daga wa take, a gaban taro za a karɓe ta, a faɗi sunan mai ita da adadinta, a rubuta. Ba a liƙa hoton ɗan takara a allon ƙungiya ko a shagonta, amma kowa yana da 'yancin yin jam'iyyarsa a waje. Ma'aji yana karanta lissafi a fili duk ƙarshen wata, a dakalin ƙofar masallaci, inda duk mai wucewa zai iya tsayawa ya ji. Shugabanci kuma yana da wa'adi, wanda ya gama ya koma sahun iyaye, ya ba da shawara, ya shiga gaba in za a je wajen hukuma, amma littafi da makulli suna hannun na baya.

Akwai masu ganin da ma an haramta karɓar komai daga ɗan siyasa. Ban yarda da su ba. Unguwar talakawa ce, tifa kuma da kuɗi take zuwa, sannan wanda aka zaɓa hakkinsa ne ya taimaka. Dokar da ta hana karɓa za a karya ta a ɓoye, a koma gidan jiya. Wadda ta ce a karɓa a bainar jama'a ita ce ake iya riƙewa.

Sauran ayyukan

Da amana ta dawo, sai unguwa ta riƙa ɗora wa ƙungiyar wasu kayan. Bayan hare-haren da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012, ƙungiyar ta shirya sintirin dare tare da dattawa, bisa sharaɗin cewa duk wanda aka kama 'yan sanda za a miƙa wa, ba duka. Wannan sharaɗi yana buƙatar tunatarwa kullum, don taron samari da sanduna cikin dare abu ne mai saurin ƙwacewa. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona da yawan mace-macen da aka yi a Kano, sun taya masu haƙar kabari, sun ɗauki makara a ranakun da ake fita da gawa fiye da ɗaya daga unguwa. Waɗanda suka yi karatu a cikinsu suna koyar da masu shirin WAEC da NECO da JAMB da yamma. Akwai kuma jerin sunaye da rukunin jinin kowa a wajen sakatare, in an bugo waya daga asibitin Murtala cewa mai haihuwa tana neman jini, an san wanda za a tasa.

Batun shaye-shaye da daba ya fi waɗannan nauyi. Hana maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 bai raba lungunanmu da ƙwaya ba. Abin da ƙungiyar ke yi ba shi da yawa: ba ta korar yaro don an san yana shaye-shaye, tana ba shi shebur ranar aiki, ta sa shi a ƙwallo, in ya nuna alamar natsuwa wani daga iyaye ya kai shi wajen mai gareji ko tela ya tsaya masa. Wasu sun shiryu har sun yi aure. Wasu sun koma, akwai wanda aka rasa. Na ga yaron da unguwa ke nunawa da baki ya fito daga kwata, laka har ƙirji, tsohon da ya sha zaginsa ya miƙa masa ruwa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban ce wannan ya warkar da shi ba, amma ya daɗe bai ji irinta daga bakin babba ba.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Akwai abin da shebur ba zai iya ba. Sharar da ake yashewa a gangare, yawancinta daga sama ta zo. In unguwannin da ke sama ba su yashe tasu ba, ruwa ɗaya ya isa ya shafe aikin wata guda. Akwai gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa, waɗanda samari ba su da ikon taɓawa. Akwai kwalbatin da aka yi tun unguwar ba ta kai rabin haka ba, ya yi wa ruwan yanzu kaɗan. Waɗannan aikin injiniya ne da hukuma, kuma bai kamata ƙoƙarin yaran unguwa ya zama dalilin da za a naɗe hannu ba.

Sannan ana yawan zagin mata da zuba shara a kwata, ni kuwa ina ganin an yi musu rashin adalci. Matar da ke cikin gida almajiri take ba sharar ya kai bola. Bolar da ke kusa an gine ta, wadda ta rage tana da nisa, yaro da yunwa a cikinsa zai juye a inda ya fi kusa. Ƙungiyar ta gwada ajiye ganguna a bakin lunguna da ɗaukar mai kura yana zagayawa, gidaje suna biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. Tsarin yana tafiya in ana kwashe gangunan a kan kari, yana tsayawa in an yi jinkiri. Kuma matan nan su ne suka fi kowa cika alkawarin kuɗi, daga cinikin ƙosai da ɗinki da kitso, su ne suka san gidan da ruwa ke fara shiga, amma ba su da kujera a inda ake yanke shawara. Hanyar da ta dace da al'adarmu tana nan: malamar Islamiyyar matan aure tana iya tattara ra'ayinsu ta aiko, a kuma kai musu kwafin lissafin wata. An fara maganar, ba a kai ga zartarwa ba.

Abin da ke gaban shugabannin yanzu biyu ne. Tun tashin farashin kaya da ya biyo bayan cire tallafin mai a 2023, kuɗin hayar tifa ya fi ƙarfin abin da kuɗin mako ke tarawa, kuma yawancin 'yan ƙungiya masu ƙaramar sana'a ne da ba za a iya ƙara musu ba. Shawarar da ke kan tebur ita ce masu shagunan bakin titi, waɗanda ledarsu ta fi yawa a kwatar, su ɗauki wani kaso tsayayye duk wata. Wasu sun amsa, wasu suna cewa sai sun ga an fara da maƙwabtansu. Na biyun shi ne haɗa kai da ƙungiyoyin unguwanni biyu da ke sama, a saka rana ɗaya, a yi hayar tifa tare, a yashe daga bakin Jakara a yo sama ba tsallake. Masu unguwannin uku sun amince su zauna. Abin da ya rage a daidaita shi ne wanda zai riƙe kuɗin haɗakar, kuma samarinmu sun ce za su shiga ne kawai in za a riƙa karanta lissafin a fili kamar yadda suke yi a gida.